Sarkin Maƙoshi da Sunan 'Yarsa ta Fari

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun mutane da aljanu suna aika wa juna jakadu suna karɓar gaisuwar juna, an yi wata 'yar ƙaramar daula da ake kira Maƙoshi, wadda Allah ya dasa ta a cikin wani dogon kwari, tsakanin duwatsu biyu masu santsi waɗanda ko akuya ba ta iya hawa. Kwarin nan baki biyu gare shi kacal. Bakin sama yana hawa zuwa Dutsen Gajimare, inda Ƙurƙuzanu sarkin aljanu yake zaune da wani tulu na sihiri a karkace gefen karagarsa, kuma daga bakin tulun nan ne kogin da mutanen Maƙoshi ke sha yake zubowa. Bakin ƙasa kuwa yana buɗewa ga ƙasar Fako, shimfiɗaɗɗiyar daula mai yawan mayaƙa da bokaye, inda kogin yake fita ya shayar da garuruwan gefe kafin rairayi ya shanye shi, kuma ta nan kaɗai gishiri da ƙarfe da tufafi suke shigowa kwarin. Saboda haka mutumin Maƙoshi in ya sha ruwa ya san a hannun wa yake, in ya jefa gishiri a miya ma ya sani, ba ya bukatar malami ya koya masa.

Sarkin wannan ƙasa a lokacin sunansa Jatau ɗan Tunau, mutum mai haƙuri da nauyin baki, wanda ya gaji karaga tare da wata tsohuwar dabara da kakanninsa suka rayu da ita. Kowane sarkin Maƙoshi yakan ba da ɗa ɗaya riƙo a sama wurin aljanu, ya ba da ɗaya a ƙasa wurin sarkin Fako, domin kowane ɓangare ya riƙe wani abu nasa a hannu ya kwantar da hankalinsa. A fada ana kiran wannan zumunci, a kasuwa kuwa in ba dogari kusa ana kiransa jingina. Da aka yaye 'yarsa ta fari, Gimbiya Gwamma, sai aka hau da ita Dutsen Gajimare, bayan wasu shekaru kuma aka sauka da ƙanenta, Yarima Barmo, zuwa gidan Sarki Kambuzu na Fako.

To, mutanen Maƙoshi ba su da yawan mayaƙa, ba su da yawan dukiya, amma akwai abin da suke tinƙaho da shi fiye da kowa, wato alkunyar ɗan fari. A wurinsu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban jama'a, ba ya tambayar lafiyarsa, kuma gwargwadon yadda yake son ɗan, gwargwadon haka yake kau da kai. Sarki Jatau ya kai wannan al'ada maƙura. Duk shekara in jakadun aljanu sun sauko da gaisuwa, suka fara ba shi labarin yadda gimbiya ta yi tsayi, ta iya saƙa, ta haddace ilmin taurari, sai ya sunkuyar da kai ya shiga tambayarsu yaya damina a can sama, fadawa kuwa su yi ta kaɗa kai suna yaba kamun kansa. In ya zama dole ya ambace ta, iyakarsa ya ce waccan yarinyar. Barmo kuwa kullum sunansa na bakinsa, ba ayarin da zai sauka Fako bai ɗauki zuma da riguna na yarima ba. Babu wanda ya san cewa sarki yakan fake da duba gonaki ya tafi bakin sama shi kaɗai, ya tsaya yana kallon gajimaren da ya rufe dutsen har ƙafafunsa su gaji. Kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi tunanin abin da jakadun aljanu ke faɗa in sun koma gida.

Ana nan ana nan, sai bokayen Sarki Kambuzu suka haɗa masa wasu layu na ƙarfe masu ɗaure aljani, suka sa masa rai da cewa in ya mallaki tulun sihiri, ƙasar Fako duka za ta koma shar kamar fadama. Amma babu hanyar zuwa Dutsen Gajimare sai ta cikin Maƙoshi. Don haka ya aiko jakada, kuma domin saƙon ya yi nauyi, Barmo ya aiko. Yarima ya shigo fada cikin kayan yaƙin Fako, ya zama cikakken namiji mai gemu, ya faɗi ya yi gaisuwa, sannan ya isar da saƙo ba tare da ya ɗaga ido ba. Ya ce uban riƙonsa yana neman a buɗe wa rundunarsa kwarin kafin a gama girbi, in an buɗe za a ninka wa Maƙoshi gishiri da ƙarfe, in an ƙi kuwa rundunar za ta buɗe da kanta. Sarki ya ce ya ji, a ba shi lokaci ya yi shawara. Ya so ƙwarai ya riƙe ɗansa ko da kwana ɗaya ne, amma yarima ya ce an umarce shi ya juya a ranar.

Ba a jima da tafiyarsa ba sai kogi ya fara ja da baya. Da farko mata suka ce rani ne ya yi sauri, daga baya duwatsun tsakiyar ruwa suka bayyana, kifi ya yi ta mutuwa a taɓo, har aka wayi gari yara suna tsallaka kogin ba su jiƙa ƙafa ba. Kowa ya gane cewa labarin jakadan Fako ya kai sama, Ƙurƙuzanu ya miƙar da tulunsa tsaye. Sarki ya tara majalisa, aka yini ana magana. Masu fatauci suka ce a bi Fako, domin mai takobi yana kusa, kuma Barmo ne magaji. Manoma suka ce a bi aljanu, domin ana iya cin tuwo ba gishiri amma ba a tuƙa shi ba ruwa. Wani dattijo ya kawo shawarar a kwashe jama'a a bar kwarin, aka tambaye shi ta wace ƙofa za a fita, sai ya koma ya zauna. Sarki Jatau ya saurare su duka, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ya ji ƙasar da ya gada ta matse shi kamar takalmin da ya yi wa mutum kaɗan, ga shi ba dama ya cire. Daga ƙarshe ya ce shi da kansa zai hau dutse ya roƙi ruwa.

Ya ajiye rakiyarsa a bakin sama, domin ba a shiga ƙasar aljanu da dogarai, ya kama hanya shi kaɗai da sanda a hannu. Ya yi ta hawa cikin busasshiyar hanyar ruwa har ya isa wata ƙofar dutse, inda wani aljani mai gadi, dogo kamar giginya, ya tare shi ya tambaye shi wa ya zo nema. Sarki ya ce ruwa ya zo nema wa talakawansa. Mai gadi ya matsa ya ba shi hanya, ya shiga cikin gajimare ya yi tafiya mai nisa, da gajimaren ya yaye sai ya ga kansa a gaban ƙofar nan dai, mai gadi yana maimaita tambayarsa. Sarki ya ce masa wurin sarkin aljanu ya zo, aka sake ba shi hanya, ya sake dawowa. Ya ce waccan yarinyar da ke riƙo a nan, hanya ta sake juyo da shi. A lokacin ƙafafunsa sun tsage, harshensa ya bushe, rawaninsa ya warware, ya zauna a kan dutse ya duba hagu da dama ya ga babu bafade ko ɗaya da zai ji shi. Sai ya ce a hankali, 'yata na zo gani, wadda na haifa. Nan take gajimare ya tsage, ga fadar aljanu a gabansa.

Fada ce da aka sassaƙa daga farin dutse guda, ginshiƙanta suna ɓacewa a sama, manyan aljanu suna zaune sahu sahu cikin alkyabbu masu launin ruwa, ga tulun sihiri a tsaye kusa da karaga, ana jin ruwa yana ruri a cikinsa bai samu mafita ba. A ƙasan karagar wata mace tana zaune, doguwa, mai natsuwa, wadda ta haura shekara ashirin. Sarki Jatau ya gane ta tun daga nesa, domin goshin mahaifiyarta marigayiya ne a fuskarta, kuma saboda ya gane ta sai ya yi abin da ya saba, ya kau da kai ya dubi ginshiƙi. Aljanu suka dubi juna.

Ƙurƙuzanu ya yi magana da murya mai nauyi ya ce, "Ya kai sarkin kwari, kakanninka sun kasance suna ba mu abin da suke so, mu kuma mu ba su ruwa. Kai kuwa ka yaudare mu. Ka ba Fako ɗan da kake kira safe da yamma, ka ba mu wadda ba ka taɓa tambaya ba, wadda yanzu ma ka ƙi duba. Ranar da Kambuzu ya nemi hanya, me muke riƙe da shi da zai hana ka buɗe masa?"

 Sai a ranar Sarki Jatau ya gane cewa abin da fadawansa suka shekara suna yaba masa, shi ne abin da aka shekara ana tara masa a nan a matsayin laifi. Ya shiga bayani cikin ladabi, ya ce a ƙasarsu ɗan fari ne ake ɓoye sonsa, kuma da ba ita ce mafi tsada a wurinsa ba da bai kau da kai haka ba. Sarkin aljanu ya saurara har ya gama, sannan ya ce su aljanu ba sa ganin cikin zuciyar ɗan Adam, abin da aka furta shi ke ɗaure su, shi kuma suke ɗaurewa da shi, kuma a cikin duk shekarun nan babu kalma ɗaya da aka furta.

Daga nan gimbiya ta miƙe, ta zo gabansa ta durƙusa, ta yi magana ba tare da kuka ko ɗaga murya ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni a nan na girma, ba wanda ya koya mini wannan al'ada. Duk shekara nakan tsaya a ƙofa in jira jakadu, in tambaye su me mahaifina ya ce da aka ambace ni, su ce ya tambayi damina. An yi mini duk abin da ake yi wa 'ya a gidan nan, har Yarima Zailanu ɗan sarkin aljanu ya nemi aurena, ni ma ina sonsa, amma aka ce ba a ɗaura wa mace aure sai ubanta ya kira sunanta ya bayar. Na ce musu kada su jira, domin ina jin ka manta shi."

Sai aka kawo wani ƙaho na azurfa aka ajiye a gaban sarki. Ƙurƙuzanu ya bayyana masa cewa duk abin da aka faɗa cikin ƙahon nan yana sauka kwari ya fita har tsakiyar Fako, kowa ya ji. Abin da ake nema gare shi shi ne ya kira sunan 'yarsa, ya ce ita ya bayar kuma yana sonta, sannan ya yi wa aljanu izinin gina katanga a bakin ƙasa, domin ba su da ikon aza dutse ko ɗaya a ƙasar 'yan Adam sai da yardar mai ƙasar. In ya yi haka, tulu zai karkata. Sarki ya tambaya ko akwai wata hanya ta uku, ko a yi rantsuwar a asirce, ko a jinkirta har ya ciro ɗansa daga Fako. Aka ce masa babu, domin rundunar Kambuzu ta riga ta taso, ita ma ƙishirwa ta fara cinta.

Ya daɗe yana kallon ƙahon. Ya san shirun da ya yi shekara da shekaru, ban da kunya, shi ne ɗan abin da ya rage masa na 'yanci, domin muddin ba a san inda zuciyarsa take ba, kowane ɓangare yana lallashinsa. Ya san kuma in ya furta, ya miƙa wa aljanu igiyar da za su riƙe shi da ita da gaske, ya rufe ƙofa ɗansa yana waje. Amma ya tuna matan da ya baro suna tonon rairayi da ƙwarya, ya kuma dubi wadda ke durƙushe a gabansa, wannan karon bai kau da kai ba. Ya ɗauki ƙaho ya ce, "Gwamma. Gwamma 'yar Jatau, 'yata ta fari, ita na bayar, kuma ban taɓa son wani abu a duniya kamar ta ba." Sannan ya ba da izinin katanga. A can ƙasa tsofaffin Maƙoshi suka ji muryar sarkinsu tana faɗin abin da uba ba ya faɗa, wasu suka rufe fuska don kunya, kafin su buɗe sai suka ji rurin ruwa yana gangarowa.

Sarki ya sauko tare da maginan aljanu, suka wuce birni ba su tsaya ba, suka isa bakin ƙasa. Suka tarar da goshin rundunar Fako ya riga ya iso, Barmo yana gaba a tsaye, tsakaninsa da mahaifinsa ba ya wuce jifa. Sarki ya roƙe shi ya tako ya shigo kafin a aza dutse. Yarima ya cire kwalkwalinsa ya ce, "Baba, na ji abin da ka faɗa, kowa a Fako ya ji, kuma ban ji haushi ba, da ni ne a kan karagarka haka zan yi. Amma kai ka ba da ni amana, matata da 'ya'yana suna gidan uban riƙona, in na tsallako su za su biya. Ka rufe ƙofarka." Sarki ya so ya ba shi umarni irin na uba, sai ya ga ba shi da bakin yi, domin shi ya koya masa riƙon amanar da yake riƙewa.

Aljanu suka fara aiki, duwatsu manya kamar ɗakuna suna tashi suna hawa kan juna, katanga ta taso daga gefe biyu tana nufar tsakiya inda kogi ke fita. Sai shugaban magina ya ce umarnin da aka ba su shi ne su toshe har ruwan, su mayar da shi ƙarƙashin ƙasa, kada ɗigo ɗaya ya kai Fako, maƙiyi ya mutu da ƙishirwarsa. Sarki Jatau ya tuɓe takalmi ya shiga tsakiyar kogi da alkyabbarsa, ruwa ya kai masa ƙugu, ya tsaya daidai inda za a aza dutsen ƙarshe. Ya ce katanga ya yi izini, bai yi izinin kashe kogi ba, kuma nan ƙasarsa ce. Aka kai wa Ƙurƙuzanu labari, ya fusata, gajimare ya yi baƙi, aka yi ta tsawa a kan dutse, sarki yana tsaye cikin ruwa mai sanyi har leɓunansa suka yi fari. Amma dokar aljanu ta ɗaure su kamar yadda ta ɗaure shi. Dole suka lanƙwasa ginin ta samansa, suka bar wata 'yar kafa a ƙasa, wadda ruwa ke wucewa amma mutum ba ya iya bi. Kafin dutsen ƙarshe ya rufe sama, ya hangi ɗansa yana nan tsaye bai mayar da kwalkwalinsa ba.

Sarki Kambuzu ya iso da layunsa na ƙarfe, ya tarar da katangar da ba ta hawuwa, layu kuma aljani suke ɗaurewa, ba dutse ba. Ya yi niyyar huce fushinsa a kan Barmo, sai manyan fadarsa suka nuna masa kafar da ruwa ke fitowa, suka tuna masa saboda wa aka bar ta. Ya haɗiye fushinsa, ya ƙara wa yarima girma, ya sa masu magani su riƙa kula da lafiyarsa, ya juya da rundunarsa gida.

Da ƙasa ta kwanta, aka ɗaura auren Gimbiya Gwamma da Yarima Zailanu a fadar Maƙoshi, sarki da kansa ya bayar da ita yana kiran sunanta a gaban jama'a, tsofaffi suna ta sunkuyar da kai har suka saba. Aljanu suka sauko da kyaututtuka, aka yi kaɗe-kaɗe, gonaki suka yi kyau, aka shelanta cewa ɗan da gimbiya za ta haifa shi zai gaji karaga. Masu hankali suka gane cewa daga ranar Maƙoshi ta zama ta dutse, ƙofa ɗaya ta rage mata, amma yara suna wanka, awaki suna sha, ba wanda ya ga amfanin faɗa.

Sarki Jatau ya rayu shekaru masu yawa bayan haka cikin adalci, 'yarsa tana saukowa ta zauna kusa da shi suna hira kamar masu biyan abin da ya wuce su. Bai ƙara ganin ɗansa ba, ko saƙo bai ƙara ratsa katangar ba. Doka ɗaya ce ya kafa wadda bai taɓa sassautawa ba ko ga 'yan gidansa, cewa daga birni zuwa katanga kada kowa ya yi wanki ko rini ko jima a cikin kogi, kada a zuba shara, kada a bar dabba ta shiga. Marina da majema suka sha kai kuka cewa wannan yanki ai ƙarshen ƙasa ne, babu gidan kowa a bayansa. Duk lokacin da suka zo, sarki yakan saurare su har su gama, sannan ya ce musu su yi haƙuri su ɗebi ruwa su kai nesa, akwai masu sha a ƙasa.